Kubura da Tsinken Auna Ƙafa

Ina cikin takaba Kubura ta fara shigowa gidana. Ban daɗe da tarewa a unguwar Gwallameji ta Bauchi ba a lokacin, a 'yan ɗakuna biyu da maigidana ya gina, bai kai ga shafe su da siminti ba Allah ya karɓi abinsa. Ban san kowa ba, kuma unguwa ce ta ma'aikata, da hantsi ya ɗaga sai ka ji tsit, kowa ya ja ƙofar ƙarfensa ya tafi. Damina ce. Ina zaune a bakin ɗaki da carbi sai wata mace ta yi sallama, doguwa, da jakar magani a kafaɗa da guntun alli a hannu. Ta ce ita ma'aikaciyar lafiya ce, suna bi gida-gida suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro, ko akwai yara a gidan? Na ce babu. Ta ce ko na riƙo? Na ce babu. Ta tambayi sunana, ta dubi igiyar shanya da zane ɗaya tal a kanta, ta yi min gaisuwar rashi, ta fita ta yi rubutunta a jikin bango ta wuce.

Da la'asar sai ga ta ta dawo da yaro a goye. Ta kwance shi ta ɗora min a cinya.

"Yaya Zinariya, riƙe min shi in yi sallah, ya hana ni sakat."

Gidanta katanga ɗaya ce da nawa, tana da tabarmarta da butarta, babu abin da zai kawo ta sallah gidana. Ta tayar, ta yi ta jan sallar nan kamar ta dare a watan azumi. Yaron ya kama carbina yana tsotso, can kuma na ji ɗumi a cinya, ashe fitsari ya sakar min. Na yi dariya. Ita ce dariyata ta farko tun ranar da aka fita da maigidana.

Wannan ce Kubura, Allah ya jiƙanta. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani ita ta ba ni a guntu-guntu cikin shekaru, don ba mace ba ce mai zazzage cikinta lokaci guda.

Haihuwar Ƙofar Ran ce. Mahaifinta bafulatani ne da ya sayar da sauran shanunsa ya shigo gari yana dillancin dabbobi, amma kunyarsa bai bar ko kaɗan a ruga ba, duka ya shigo da ita. Kubura ta ce har mahaifiyarta ta koma ga Allah ba ta taɓa jin ta kira sunan babban yayansu ba. Ko kuka yake a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. A haka ta tashi, kuma ta yarda haka ne mutunci. Ta yi karatun aikin lafiya, aka aurar da ita ga Hammajoda, mutumin Zungur, ma'aikacin lafiyar dabbobi, mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi shi zai riga ka ba da haƙuri. Allah ya ba su Jannatu, sai Ikrima, sai Usama, wanda ya yi min fitsarin nan.

Boko bai cire mata kunyar 'yar fari ba. Yaran unguwannin da take bi duk ta san sunayensu, ta san wanda ke tofar da magani da wanda sai an toshe masa hanci. Amma tata 'yar sai dai "waccan", ko "yayar su Ikrima".

Wanda bai zauna cikin ma'aikata ba bai san dogon hutu ba. Yara na murna, iyaye na dafe kai. Tun kafin a rufe makarantu mata ba su da wata hira a cikin keke sai ina za a kai yara. Wata ta sa nata darasin hutu, amma kafin azahar an tashe su. Wata ta kwashi nata da sassafe ta kai gidan kakanni a cikin gari, ta kwaso da yamma. Wata ta kulle su a gida ta bar wa babbar waya, tana wurin aiki hankalinta na gida. Su Kubura nasu ya fi tsanani, domin dogon hutu daidai yake faɗowa da lokacin rabon maganin sauro, ba a ba kowa hutu, shi kuma Hammajoda a lokacin ne yake yawon rugage yana yi wa shanu allura.

Shekarun farko gidansu na Ƙofar Ran take kai yaran. Shekarar da Jannatu ta cika shida sai abubuwa suka haɗu. Mahaifiyar Kubura ta rasu, yarinyar da ke taya ta aiki iyayenta suka kira ta gida noma, ga Usama jariri. Jaririn dai a bayanta yake zuwa aiki. Ikrima, wata abokiyar aikinta mai suna Jemima ta ce a riƙa ajiye shi wurin ƙanwarta da ke zaune a gida. Jannatu ce ta rage, aka ce ta riƙa zama gidan maƙwabta.

A makon farko ta bi yara kamun talibambam. Gwallameji a lokacin ko'ina ramukan gini ne, ruwan sama ya cika su fal, ba ka gane zurfinsu. Ta zame ta faɗa ɗaya. Wani magini ne da ke kan katanga ya hango kai yana nutsewa, ya diro ya cafko ta. Kubura ta dawo aiki ta tarar da mutane a ƙofar gidanta, yarinyar na naɗe a zanen wata tana karkarwa. Duk idanu suna kanta. Ba ta rungume ta ba. Ta ce, "Gobe ma ki ƙara," ta yi wa maginin godiya, ta shige banɗaki ta rufe, ta durƙusa ta yi ta amai.

Ita da bakinta ta kawo shawarar. Wannan ne abin da ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Ta ce wa Hammajoda, "A kai waccan Zungur wurin Adda. Hutun ne kawai. Can babu ramuka, ga nono, ga fili."

Adda Rukayya yayar Hammajoda ce, ita ta goye shi. Huɗu ta haifa, babu wanda ya kai yaye. Ba muguwar mace ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Na san ta daga baya, mace ce mai hannu a buɗe, mai yawan salati. Ta karɓi yarinyar kamar an miƙo mata Aljanna.

Hutu ya ƙare, Kubura ta ɗinka sababbin kayan makaranta, suka hau babur ita da Hammajoda da jaririn a baya suka nufi Zungur ɗauko ta. Masara ta yi goyo, gyaɗa ta rufe ƙasa. Suka tarar da Jannatu ta yi ɓulɓul, an yi mata kitson Fulani da 'yan wuri a goshi. Da ta gan su ta ruga ɗaki ta haɗa kayanta a leda, ta sa takalmanta na gari, ta je ta laɓe a bayan rumbu tana jiran a ce mata taso.

Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, dattawan gidan suka zauna, aka sha kindirmo. Sai Adda Rukayya ta share ido da gefen zane ta ce, "Hammajoda, bayana bai manta da kai ba. Ka san abin da na haifa, ka san inda suke. Tun da yarinyar nan ta zo nake jin motsi a ɗakina. Makaranta ga ta nan bayan masallaci. Amma ni ba zan ƙwace ɗan kowa ba. Ga uwarta nan. Kubura, ɗago ki dube ni. In kina son 'yarki ɗauki abarki, wallahi ba zan riƙe ki a zuci ba."

A gaban dattawa, a gidan surukai, kuma a kan 'yar fari. Kubura ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haba Adda. Ni ina da wata 'ya ne? Ai taki ce."

Ta ce min ita a ranta kamar baƙo ne da aka ce ya sa hannu a tuwo ya ce ya ƙoshi, yana jiran a sake cewa. Ta ɗauka Adda za ta ce a'a, ku tafi da ita ta yi karatu a gari, in an yi hutu ku dawo min da ita. Ko Hammajoda ya yi gyaran murya ya ce wani abu. Hammajoda yana ta zanen ƙasa da tsinke. Shi ma 'yar farinsa ce, kuma yayarsa ce ke kuka. Sai wani tsoho ya ce, "Madalla da 'yar mutunci. An san gidan da ta fito." Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Da Kubura ta miƙe sai ta hango yarinyar a gindin rumbu. Duk ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta cire takalman nan ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kan dutsen rumbu, ta ajiye ledar, ta juya ta nufi wurin maruƙa da ƙafa a ƙasa. Magana zarar bunu ce. Kubura ta dawo Bauchi da kayan makarantar a cinyarta, ba a ko warware su ba.

Shekara na zagayowa ni kuma na zo unguwar. Daga ranar fitsarin nan su Ikrima suka zama nawa. Kowane dogon hutu da safe za ta miƙo min su ta ƙofa da kwanon abincinsu, in sun gama karatun allo in zaunar da su suna taya ni tsince shinkafar masa, ba na barin ƙafarsu ta taka waje sai da ni. Wata rana ta dawo aiki ta tarar Usama na barci a bayana, Ikrima na lasar kasko. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon su. Sannan ta ce, a hankali kamar ba da ni take ba, "Da shekara ɗaya kika riga zuwa, Yaya." A lokacin ban gane ba. Ban ma san tana da 'ya mace ba.

Jemima ce ta fasa min. Ta biyo ta gidana ran wata Asabar, mace mai baki kamar rediyo, ta shigo tana faɗa tun daga zaure.

"Mama, don Allah ki yi wa ƙawarki magana! Mu shiga gida mu fita gida tana lallashin 'ya'yan mutane, ɗan wannan ta ce ɗan albarka, ɗan wancan ta goge masa majina, tata kuma tana ƙauye tana kiwon maruƙa. Ke Kubura, in kunya ce ta hana ki, ba ni kuɗin mota ni in je. Ni ba ni da ita, tun ina yarinya akuya ta cinye tawa."

Kubura ta yi murmushi ta ce, "Ai an gani. Ke da kike kiran ɗanki na fari tun daga bakin titi kamar mai tallan gawayi."

"To ba ni na haife shi ba? Wata tara fa! In ban kira shi ba wa zai kira min?"

Aka yi dariya. Amma da Jemima ta tafi, Kubura ta zauna a kan turmina ta ba ni labarin rumfar nan, kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi.

Maigidana ya bar gona a Zungur, ƙanensa ke noma ta, nakan je in an yi shuka in kuma koma da kaka. Kubura ta ji haka a bakina. Ranar da zan tafi ta shigo da sassafe, ta zari tsinke ɗaya daga tsintsiyata ta miƙo min.

"In kin bi ta gidan Adda, ki auno min ƙafar yayar su Ikrima. Amma kada ki ce ni na aike ki. Adda za ta ga kamar na raina riƙonta."

Na je. Na sami yarinya siririya mai idon uwarta sak, tana wanke ƙwarya. Na ce ni maƙwabciyar babanta ce, in ga ƙafar nan ko ta kai tawa. Ta miƙo tana dariya, na ɗora tsinken daga dunduniya zuwa babban yatsa na karya. Kubura ta karɓi tsinken da hannu biyu. Ta shiga kasuwar Wunti da shi, ta bi rumfunan takalma tana zura shi a ciki ɗaya bayan ɗaya, sai da ta samu wanda ya shiga da ɗan sauran wuri, don ƙafar yaro ba ta jira. Kafin a koma makaranta na kai. Yarinyar ta durƙusa ta yi min godiya.

Haka muka riƙa yi kowane dogon hutu. A Zungur har suna aka sa min, Goggo mai takalmi. Kubura kuwa ba ta taɓa yar da tsinke ko ɗaya ba. Tana ɗaure su da zare ta ajiye a cikin wani kwanon samira a saman kabad. Na sha shiga in tarar ta jera su a kan tabarma, gajere na bin dogo, tana kallo. Ta haka take ganin girman 'yarta. Da Sallah sukan je Zungur, amma a can sai dai yarinyar ta zo ta gaishe ta cikin jerin yara, ita kuma ta amsa tana kallon wani wuri.

Shekarar da Jannatu ta kai goma sha ɗaya, Kubura ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Tun watan azumi take bin shugabarsu, ta karɓi aikin wasu ta yi musu, Jemima ta ce za ta riƙe mata unguwanninta, har aka ba ta 'yan kwanaki a tsakiyar dogon hutu. Ta sa Hammajoda ya roƙi Adda a ba su aron yarinyar. Kalmar da aka yi amfani da ita ke nan, aro. Ta sa aka yi wa ƙaramin ɗaki fenti, ta sayi katifa da gidan sauro. Ta shirya za su je Yankari dukansu, yaran su ga giwa su yi wanka a ruwan ɗumi, har da ni. Ta soya kaji, ta yi cincin cike da bokiti. Ban taɓa ganin ta tana waƙa a bakin murhu ba sai a makon nan.

Jannatu ta zo. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina wuni, Maman Ikrima."

Na ga ludayin da ke hannun Kubura ya tsaya. Ta ce, "Lafiya lau. An zo lafiya? Ya su Adda?"

Yarinya mai ladabi, ba abin da za ka ce ta yi. Ba ta cin abinci sai an ce ta ci, in ta gama ta wanke kwanonta ta kife. Ba ta hau katifar ba, a tabarma take kwana. Kubura ta ɗauko kibiya da man kitso ta ce wa Ikrima, "Ce wa yayarka ta zo a gyara mata kai." Yarinyar ta dafe kanta ta ce, "Innata ce ke min kitso."

Mun je Yankarin. Ba mu ga giwa ba, sai birai da suka sace mana cincin, Hammajoda ya bi su da hula yana faɗa da Fulatanci, su Ikrima suna ta birgima don dariya. Suka faɗa ruwa suna ihu. Jannatu ta zauna a kan dutse ta tattara takalman kowa a gabanta tana gadi. Kubura ta zauna a wani dutsen, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Na ga bakinta na motsi sau da yawa. Ba abin da ya fito.

Kwana biyu da dawowarmu ina tsakar gidansu ina taya ta suyar masa, yaran na bayan ɗaki, sai muka ji Ikrima na cewa, "Ke Adda Jannatu, ki zauna mana a nan mana. Ai nan ne gidanku. Mama ce ta haife ki, Baba ya faɗa min."

Sai muryar yarinyar, ba fushi a cikinta, kamar mai faɗin ranar kasuwa: "Na sani. Amma ita ta ce ba ta da 'ya. Ina wurin."

Masar da ke kasko ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya tashi, Kubura na riƙe da cokali ba ta juya ba. Na karɓe cokalin. Na ce a hankali, "Tashi ki je. Yanzu. Ba kowa a gidan nan sai ni." Ta miƙe, ta yi taku har kusurwar ɗakin, ta dafa bango. Ta daɗe a nan. Sannan ta juyo ta dawo ta zauna, ta ce, "Yaya, bakin ba ya buɗuwa. Wallahi ba ya buɗuwa."

Washegari yarinyar ta ce saniyar Innarta ta kusa haihuwa, tana so ta koma. Aka mayar da ita.

Ranar ce kaɗai na taɓa jin muryar Kubura ta ƙetare katanga. Tana cewa, "Kai da kake namiji, kai da yayarka ce, ka zauna kana zanen ƙasa!" Shi kuma yana cewa, "Ke aka tambaya, Kubura. Da kin ko ɗaga ido kin dube ni." Ta ce, "A gaban dattawan gidanku zan dube ka?" Kowa a cikinsu ya jira ɗayan ya yi rashin kunyar, babu wanda ya yi.

Bai kwanta a kan maganar ba, in faɗi gaskiya. Ya je ya sami Adda Rukayya su biyu. Ta yi kuka ta ce ita ba ta hana ba, a tambayi yarinyar, ai ta yi hankali. Aka tambaye ta. Ta ce tana nan wurin Innarta.

Bayan haka Kubura ba ta sake shirya wata tafiya ba. Ta ci gaba da aikinta, gida-gida, alli a hannu. In ta ba yaro magani sai ta riƙe hannunsa ta ɗan daɗe kafin ta saki, musamman 'yan mata masu shekara shida. In ta ji wata a keke tana cewa za ta tura yara ƙauye hutu, sai ta ce, "Ki kai su da kanki, ki ɗauko su da kanki, kuma in an tambaye ki, ki faɗi abin da ke ranki." Matan su yi dariya, ba su san daga ina maganar ta fito ba. Tsinke dai ba a fasa ba. Duk shekara za ta zara ta miƙo min, da jan kunnen nan nata, kada in ce ita ce.

Daminar bara ƙafafunta suka fara kumbura. Ta ce yawo ne. Ta ƙarasa zagayen farko na rabon magani da kyar, a na biyu ta faɗi a ƙofar wani gida. A asibiti aka ce ƙoda ce, kuma an makara. Ni na yi jinyarta, ni da Jemima, wadda bakinta ya mutu gaba ɗaya a kwanakin nan. Hammajoda ya ce zai je ya ɗauko Jannatu. Kubura ta ce a bari ta ɗan samu sauƙi, kada yarinya ta gan ta a kumbure. Wata la'asar ana yayyafi, Jemima ta fita neman ruwan zafi, sai Kubura ta kama hannuna ta yi min wata magana. Ta sa na maimaita mata. Kwana uku bayan nan, ranar Alhamis da hantsi, ta cika da kalmar shahada a bakinta. An aika Zungur tun da asuba, amma ruwa ya cinye hanya, sai da aka dawo daga maƙabarta suka iso.

Jannatu ta zama budurwa, tsayin uwarta, tafiyar uwarta. Ta zauna cikin masu zaman makoki a gefen Adda Rukayya, in an yi mata gaisuwa ta amsa da ladabi, idonta a bushe. Adda Rukayya ce ke ta kuka. Na duba bakin ƙofa inda aka tara takalma, na gane na Jannatu, wanda na kai mata shekara guda kafin nan ne, duk dunduniyar ta cinye.

Ranar sadakar uku da mutane suka ragu, na ce ta zo ta taya ni ɗaukar abu. Na kai ta ɗakin uwarta, na sa ta miƙa hannu ta sauko da kwanon samirar. Na kwance zaren, na jera tsinkayen a kan tabarma kamar yadda mai su take yi, gajere na bin dogo. Ta dube su. Ta ɗauki mafi ƙanƙanta ta juya shi a hannu, sai ta dubi ƙafarta.

Ta ce, "Goggo, waɗannan ai naki ne. Me ya kawo su nan?"

Na ce ba nawa ba ne, ni 'yar aike ce. Na ce ta zauna, akwai saƙo, kuma zan faɗa mata shi yadda aka ba ni, ba ragi ba ƙari. Ranar nan a asibiti, da uwarta ta kama hannuna, ga abin da ta ce:

"Yaya Zinariya, bana ban samu na zari tsinke ba, ki zara min a tsintsiyarki. In kin je auno ƙafar Jannatu, ki ce ni na aike ki. Ki ce mata na bara ma ni ce, da na bara waccan, duka ni ce. Ki ce Kubura tana da 'ya."